Kwalbar Ranar Laraba

Ina tsakiyar yanka burodi na ji wani abu ya faɗi a bayan bango. Ba ƙarar tukunya ba ce, ba kuma ta kujera ba. Abu ne mai nauyi da ya faɗi sau ɗaya bai sake motsi ba.

"Baba Kuku!" na ƙwala kira. "Baba, lafiya?"

Shiru. Bangon da ya raba kicin ɗina da nasa ba shi da kauri, in ya yi tari daga can ni ke ce masa sannu daga nan. Na ajiye wuƙa, na zaro makullinsa da ke rataye a bayan ƙofata shekara da shekaru, na fita ko takalmi ban tsaya nema ba.

A ƙasa na same shi, tsakanin tebur da firji, biro a hannunsa. Idonsa biyu, amma bakinsa ya karkace gefe guda. Kicin ɗin ya cika da ƙamshin tafarnuwa. A kan tebur ga ƙaramin turminsa, ga ɓawon da ya tara a gefe, ga kuma kwalba ɗaya mai faɗin baki cike da dakakkiyar tafarnuwa da ganye a cikin mai, an rufe ta gam. A kan murfin ya manna farar filasta yadda ya saba, ya rubuta: "Auta. Laraba."

Na ga kwalbar nan. Da so samu ne in ce ban gan ta ba, amma na gan ta, har na ture ta da gwiwar hannu don in ɗauki wayarsa.

"Kada ka motsa, Baba. Ga ni nan."

Ya ɗaga hannun da ke da sauran ƙarfi yana nuna sama. Na ɗauka Ubangijinsa yake kira, sai na ce masa amin. Na leƙa ta taga na yi wa Tela ihu, mai shago a ƙasan benenmu, shi kuma ya tare mai tasi. Su biyu suka sauko da shi hawa biyu a kan kujerarsa ta cin abinci. Ni na tsaya na rufe tagogi saboda ƙura, na kulle ƙofa, na bi su a guje. Lokacin zafi ne, kuma kicin ɗin Baba Kuku rana take dukansa tun daga azahar har ta faɗi.

Shekara tara muna ƙofa da ƙofa da shi. Sunan Kuku daga aikinsa ya samo shi, don ya yi shekara talatin da biyu yana dafa wa ma'aikatan wata masana'anta abinci kafin ya ajiye. Bai da gida na kansa, bai da mota. Abin alfaharinsa ɗaya ne, kuma duk wanda ya zauna da shi minti goma ya ji shi: "Ban taɓa kwantar da mutum ko ɗaya da girkina ba."

Haɗuwarmu ta farko ba ta yi daɗi ba. Na tare sabuwa, maigidana direban babbar mota ne, sau biyu a wata muke ganinsa, ga yara uku. Na yanke shawarar in riƙa sayar wa ma'aikata burodi da abin shafawa da safe a bakin ƙofar masana'anta. Na markaɗa dafaffen wake da mai da barkono, na ɗura a ƙatuwar kwalba, na ajiye a kan tagar baranda wai ya sha iska kafin gobe. Sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa.

"'Yata, wannan na ci ne ko na kashe ɓera?"

"Na sayarwa ne."

"To su wa suka yi miki laifi haka?"

Kwana biyu ban gaishe shi ba. A rana ta uku ya sake ƙwanƙwasawa, da faranti ɗauke da ƙananan kwalabe shida da ya tafasa ya shanya, ko ɗigon ruwa babu a ciki. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Ya wuce ni kai tsaye zuwa kicin ya ce in ba shi wuri.

A hannunsa na koyi duk abin da nake ci da shi yau. Ƙananan kwalabe sun fi ƙatuwa guda, don wadda aka buɗe ita kaɗai ke shan iska. Cokalin da ya taɓa baki ba ya komawa ciki. Abin da ya wuce awa biyu a waje ya zama na kwandon shara, ko da kuka za ki zubar. Can cikin firji ake sawa, ba a jikin ƙofa ba, don ƙofa gidan kowa da kowa ce, duk wanda ya buɗe sai ya shigo mata da zafi. In na rufe murfi tun abu bai huce ba, sai ya girgiza kai ya ce, "Gaggawa, Gaggawa. Sauri ya haifi nawa." Da haka sunan ya bi ni, har 'ya'yana in sun so tsokana shi suke kira na.

Amma duk cikin dokokinsa babu wadda yake ɗaure fuska a kanta kamar ta tafarnuwa a cikin mai.

"Wake in ya lalace zai gaya miki," in ji shi. "Zai yi tsami, ya yi kumfa, ya yi wari. Mai kirki ne. Ita kuwa wannan munafuka ce. In ta kwana a ɗumi, mai ya toshe mata iska, akwai gubar da ke tsirowa a ciki, ba wari, ba launi, ba ɗaci. Ki ci ki lashe hannu. Daga turmi sai firji, kwana huɗu, shi ke nan."

Kuma ita ce abin da Auta ta fi so a duniya. Auta 'yarsa ce, ita kaɗai Allah ya ba shi, amma haka yake kiran ta, wai ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe. Tana aiki a wani gari mai nisa, tafiyar yini guda cur, tana da yarinya 'yar shekara huɗu. Ranar Juma'a za su zo hutu, shi ya sa ya tashi da daka ranar Laraba.

A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Magana ta ɗauke, sai ido. Na kira Auta na gaya mata, ta ce ga ta nan tafe, sai kuma zazzaɓi ya rufe yarinyarta a daren. Washegari ƙanwar Baba ta iso daga can ƙarshen gari, wadda kowa ke kira Gwaggo, mace mai tsabta da faɗa, irin wadda in ta shiga gidanka sai ka ji kai ne baƙo. Ita ta karɓi wayar Baba, kuma duk lokacin da Auta ta kira amsa ɗaya take ba ta: "Jiki da sauƙi. Ki tsaya yarinya ta warware." Ta kuma karɓi makullin da ke hannuna, ta ce tunda dangi sun zo an sauke mini nauyi.

Ni kuwa kwana huɗu ina zirga-zirga tsakanin ƙofar masana'anta da asibiti da makarantar yara. Kwalba ta fita a raina fit.

Ranar Lahadi da yamma muna zaune a gefen gadonsa, ni a ɓangaren hannun da ke motsi, Gwaggo tana gyara masa filo.

"Yaya, yau na shiga na gyara maka gida fes," ta ce. "Turmin nan ma da ka bari na wanke. Har kwalbar da ka yi wa Auta na tarar a kan tebur, na goge ta na sa a firji. Na gaya mata a waya, ta yi ta kuka, wai Baba bai manta ba."

Na ga idon Baba ya buɗe gaba ɗaya. Na ƙirga a raina. Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi, a rufaffen kicin da rana ke gasawa. Sai a nan na gane abin da yake nuna mini yana kwance a ƙasa. Tebur yake nunawa, ni kuma na ce masa amin.

Ya damƙi wuyan hannuna. Ban san tsoho mai ciwo yana da ƙarfi haka ba. Bakinsa ya yi ta kokawa, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Zu… bar."

"Me ya ce?" in ji Gwaggo. "Ruwa yake so?"

"Zubar," ya sake cewa, a fili wannan karon, idonsa a cikin nawa.

"Na ji, Baba. Zan zubar. Na yi maka alkawari."

Sai ya saki hannuna ya lumshe ido. Nas ta leƙo ta ce lokacin ziyara ya ƙare.

A baranda na tsayar da Gwaggo na yi mata bayani, da ladabi, ina ta haɗa hannu. Ta saurare ni har na gama, sannan ta gyara mayafinta.

"Na buɗe na shinshina," ta ce. "Ƙamshi kamar yanzu aka daka. Mai yana lalacewa ne? Tafarnuwa kuwa ita kanta magani ce, tun kafin a haife ki muke sha."

"Gwaggo, shi da kansa ya ce a zubar. Kin ji shi."

"Na ji mutumin da ba ya cikin hayyacinsa ya yi sambatu. Ki duba shi da kyau, 'yar nan. Kina ganin zai sake riƙe taɓarya? Abin da uba ya yi wa 'yarsa da hannunsa, wataƙila na ƙarshe, shi ne ke bare za ki kai bola?"

Kalmar baren nan ta zauna mini a ƙirji. Shekara tara ina kai masa ruwan zafi in mura ta kama shi, shi yana raka 'ya'yana makaranta in na makara, amma gaskiya ta faɗa, ba jinina ba ne. Ni kuma ina da wani hali da ban taɓa yabon kaina a kansa ba: a bayan ido bakina ya fi reza, a gaban babba sai in zama ruwa. Na ce a raina in Auta ta zo ita zan gaya wa, ai a gidan ta girma, za ta gane.

Auta ta iso ranar Litinin da hantsi, da jaka a kafaɗa da yarinya a hannu. Daga tasha asibiti ta wuto. Da ta ga yadda ya koma sai ta juya ta kalli Gwaggo, kallo ɗaya, ta durƙusa ta kifa goshinta a tafin hannunsa. Ya gane ta. Duk mun ga ya gane ta, don ya riƙa shafa kanta da babban yatsa, a hankali, yana kallon jikarsa da ke leƙe ta bayan ƙafata. Bai yi magana ba. Wajen ƙarfe uku, tana riƙe da hannun nan, ya cika.

Na gode wa Allah da ya nufa ta same shi da rai. Har yau in na tuna ina godewa. Amma ku gaya mini, a bakin gadon nan, wa zai buɗe baki ya kawo zancen kwalba?

Ranar Talata aka yi jana'iza, gida ya cika da masu gaisuwa har matattakala. Tsofaffin ma'aikatan masana'anta suka zo da sandunansu, kowa da labarin abin da Kuku ya taɓa ƙwace masa daga hannu ya zubar. Sau biyu ina shiga kicin da sunan ɗebo ruwan sanyi. Duk biyun na tarar da Gwaggo a kan kujera a jikin firji tana rarraba aiki, kamar an kafa ta. Na hango kwalbar can ciki, bayan robar madara.

"Sai jama'a sun watse za ta buɗe abinta," ta ce mini, ba tare da na tambaya ba. "Ita kaɗai, cikin natsuwa."

Na nemi Auta, na same ta a tsakiyar mata idonta ya kumbura. Na ce a raina, gobe. Gobe da sassafe, kafin kowa ya zo.

Ranar Laraba ban fita sana'a ba. Ina ɗaura ɗankwali, ina maimaita yadda zan fara maganar, sai na ji muryar Auta ta bango, a dishe, tana rarrashi.

"Zo ki zauna nan. Zo ki ci abin da Kaka ya yi mana. Shi da kansa ya daka."

Ban san yadda na fita ba. Ƙofarsu a buɗe take, na faɗa ba sallama. Ga su a tebur ɗin nan dai: Gwaggo da kofin shayi, Auta da wuƙa a hannu, kwalba a buɗe, yanka biyu na burodi an shafe su suna sheƙi. Ɗaya yana kan faranti. Ɗayan yana hannun yarinya, ta kama shi da hannu biyu ta buɗe baki.

Na fizge shi. Fizgewa kawai na yi, har na ƙarce ta da farce. Yarinya ta dube ni, ta dubi hannunta, ta tsala ihu.

"Ke!" Gwaggo ta miƙe, shayi ya fantsama. "Kanki ɗaya kuwa? A gidan rasuwa? Daga bakin yarinya?"

"Ta ci? Auta, ta kai baki? Ke kin ɗanɗana?"

"Ba wanda ya ci." Auta ta janyo 'yarta jikinta tana kallona kamar ba ta taɓa ganina ba. "Yaya, me ya faru?"

"Kada ku ci. Don Allah kada ku ci."

Auta ta sauke numfashi. Ta yi magana a hankali, irin ta wanda ya gaji da komai.

"Na san dokar kwana huɗu, Yaya. A hannunsa na tashi. Amma sati ɗaya a firji, loma ɗaya ni, loma ɗaya ita. Ba zan sake samun wani ba har abada. Ki bar ni in karya masa doka sau ɗaya."

Muryarta ta karye a kan kalmar ƙarshe, ni ma na ji hawaye ya zo mini. Gwaggo ta nuna mini ƙofa. Ƙafata ta so ta bi, wallahi ta so. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

"Ba a firji ta yi satin ba," na ce. "A kan teburin nan ta kwana huɗu, tagogi a rufe. Ni na rufe su. Na gan ta ranar da ya faɗi, na ture ta da hannuna na wuce. Yana kwance yana nuna mini ita ban gane ba. Laifina ne tun farko. Sai ranar Lahadi Gwaggo ta same ta ta sa a firji, da kyakkyawar niyya."

Auta ta juya. "Gwaggo?"

"To sai me? Na shinshina. Ki shinshina ki ji, lafiyarta lau."

Auta ba ta shinshina ba. Murfin ta ɗauka daga kan tebur, ta juya shi, ta kawo kusa da idonta. Ta daɗe tana kallo.

"Babu layi na biyu," ta ce.

"Wane layi?" in ji Gwaggo.

"Baba layi biyu yake rubutawa. Na farko a kan tebur, suna da ranar da ya yi. Na biyu, ranar zubarwa, ba ya rubuta shi sai kwalba ta shiga firji, yana tsaye ƙofa a buɗe. Wai kada takarda ta yi masa ƙarya." Ta shafa farin wurin da ke ƙasan rubutun da yatsa. "Tun ina 'yar firamare na san wadda ba ta da layi na biyu ba a taɓa ta. Jiya na gani. Na gani sarai, na ce mantuwa ya yi."

Ta ajiye murfin. Ta kalli yankan burodin da ke hannuna, ta kalli bakin 'yarta. Ta ƙanƙame yarinyar har ta daina kuka don mamaki.

Gwaggo ta koma ta zauna a hankali. Karon farko ke nan da na ga tsufanta. Ta ɗora hannu biyu a kan gwiwa tana kallon ƙasa.

"Ni dai na ga sunanki a jiki," ta ce. "Na ce ga abin da zan iya ajiye miki. Tunda shi ban iya ajiye miki shi ba."

Na ɗauki tsumma na goge shayin da ya zube, don hannuna ya samu abin yi.

"Yaya," in ji Auta can, "kin ce yana nuna miki. Ya sani ke nan?"

"Ya sani. Ranar Lahadi da ya ji an sa a firji, ya riƙe ni ya yi magana."

"Magana? An ce mini tunda ya faɗi bai furta komai ba."

"Ya furta. Kalma ɗaya, sau biyu. Daga ita bai sake ba."

"Me ya ce?"

Na dubi Gwaggo. Ba ta ɗago ba, amma ita ta amsa.

"Cewa ya yi a zubar. Na ji shi da kunnena. Na ce sambatu ne."

Auta ta buɗe baki, ta rufe. Sai wata dariya ta kufce mata, ta toshe ta da bayan hannu, hawaye na bin yatsunta.

"Baba ke nan," ta ce. "Iyayen wasu su bar wasiyyar gona da gida. Nawa kwana huɗu yana tara ƙarfi don ya ce a zubar."

"Don ke ya tara," in ji Gwaggo. "Ke da wannan 'yar."

Daga nan muka yi kukan da ba mu samu yi ba jiya a gaban mutane, mu uku, yarinya tana bin mu da ido. Da muka lafa, Auta ta kamo hannuna ta riƙe. Ta ce ta gode. Na ce ba ni za ta gode wa ba, ni da na kusa makara saboda kunya. Ni ce ma mai godiya. Mutumin nan ya ba ni sana'a, ya ba ni suna, ya riƙe mini yara, kuma da ya rage masa kalma ɗaya a duniya ni ya damƙa wa ita. Ban san da me ake rama irin wannan ba.

Na miƙa hannu zan kai kwalbar wurin wanke-wanke, Auta ta tare ni.

"Ba a juye irin wannan, Yaya. Kin manta? Duk da kwalbar take tafiya."

Haka ne. Ta mayar da murfin ta murɗa gam. Kafin ta sa a leda, Gwaggo ta miƙo hannu, ta sa farce ta ɓamɓare filastar a hankali don kada ta yage, ta manna mata a cikin murfin jakarta. Muka sa kwalbar da yankan burodin biyu a leda, muka ƙulle, muka sake sawa a wata muka ƙulle, saboda kuliyoyin bayan gida da masu tonon shara. Na wanke wa yarinya hannu da sabulu, na ɗora tukunya don tafasa wuƙa da faranti. Gwaggo ta yanka sabon burodi ta shafa zuma ta ba yarinya, ta huce.

"Kawo in sauka da ita," na ce wa Auta.

"A'a. Ke kika yi alkawari, amma ni aka yi wa. Tare za mu cika."

A ƙarshe dai ita ta ɗauka, ni na bi ta a baya. Ba ta riƙe ledar ta wuya yadda ake riƙe shara ba, a ƙirji ta rungume ta da hannu biyu, tana taka matattakala ɗaya bayan ɗaya. Tela ya ɗago daga kan kekensa zai gaishe mu, da ya ga fuskarta sai ya tsayar da ƙafa.

Babbar durom ɗin shara tana bakin titi, a ƙarƙashin bishiya. Na ɗaga mata murfin. An kwashe da asuba, babu komai a ciki, kuma tana da zurfi. Auta ta leƙa, ta ɗaga dugadugai, ta jingina cikinta da bakin durom ɗin, ta zura hannu biyu har kafaɗa. Ta yi ta sunkuyawa har gyalenta ya zamo, ba ta saki ba sai da ledar ta taɓa ƙasa. Ko ƙara ban ji ba.